DANSHI DA FUNFUNA A CIKIN GIDA: GARGAƊI GA MANOMA DA DAGATAN ƘASAR YAURI

Ya kai mai karatu, ko manomi ne kai ko dagaci, ka san warin nan da ɗaki ya kan yi cikin watan Agusta, sa'ad da marka ta sauka, rana ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Ka ɗaga tabarma ka tarar ƙarƙashinta ya yi baƙi, takalmin fata ya yi fari-fari, gyaɗa ta yi kore a cikin buhu. Wannan ita ce funfuna. Waɗansu su kan ce halin damina ne, ba makawa. Ba haka ba ne. Funfuna tsiro ce ƙanƙanuwa, irinta yana yawo cikin iska kullum, amma ba ya tsira sai inda ya sami laima. In ka hana ruwa zama a ɗakinka, ka hana ta. Ruwa kuwa ta hanya huɗu ya ke shiga.

Ta fari, daga ƙasa. Bangon ƙasa yana shan ruwa ta gindinsa kamar yadda lagwani ke shan mai. Wanda ya yi gini a kan tudu abin ya kan zo masa da sauƙi, amma na bakin ruwa sai ya yi hattara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, aka ta da mutane wajen 44,000 daga tsibirai da garuruwan gaɓa, kogin Kwara ya zama tafki. Ruwa kuwa sau biyu ya ke zuwa masa a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, wajen watan Satumba, akwai kuma baƙin ruwa wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ba ya isowa sai wajen Disamba. Sabo da haka a Yelwa da Wara da sauran garuruwan gaɓa, ƙasa ta kan daɗe da laima bayan ruwan sama ya ɗauke. In kana so ka gwada ɗakinka, kifa tasa a kan daɓe da dare. In da safe ka ga cikinta ya yi gumi, to, danshin daga ƙasa ya ke. Maganinsa ka cika ɗakin da marmara da tsakuwa har ya ɗara tsakar gida da taƙi guda, sa'an nan ka daɓe, ka kewaye gindin bango da dakali.

Ta biyu, daga sama. Jinka da ta tsufa ta kan yi yoyo, soro kuma in indararonsa ya toshe ko ya gajarta, sai ruwa ya bi jikin bango. Rufin kwano yana da nasa aibin: da dare ya kan yi sanyi, tururin ɗaki ya taru a jikinsa, ya riƙa ɗiga a kan kaya. Ka duba rufinka tun cikin bazara, kada ka jira ruwan fari.

Ta uku, ta jikin bango, musamman na gabas, inda hadari ya ke dukansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. Magina na da sun san wannan, shi ya sa su ke yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Kada ka ruɗu da shafa siminti a kan jiƙaƙƙen bangon ƙasa, gama yana kulle laima a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana bangon ya faɗi, watakila da mutane a ɗakin.

Ta huɗu, daga cikin ɗakin kansa. Numfashin masu barci, da tururin tukunya, da randa mai tsatsafo, da rigar da aka shanya a ɗaki, da shinkafar da ba ta gama bushewa ba, duk ruwa ne. Ɗaki mai ƙofa ɗaya ba taga, ba inda laimar za ta fita. Ka huda taga biyu masu duban juna, ka buɗe su duk sa'ad da rana ta fito.

Kada ka ɗauka ɓarnar ta tsaya ga wari. Ɗaki mai funfuna yana ta da tari da ciwon fuka, tun ba ga yara da tsofaffi ba. Abin da ya fi wannan muni, wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara tana barin dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Cikin 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin abincin da aka haɗa da irin wannan gyaɗa, daga nan masana suka gano dafin. Cikin 2004 kuma mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya don cin masara mai funfuna. Hatsin da ya yi funfuna kada ka ci, kada ka ba kaji ko shanu, kada ka kai kasuwa.

Kafin ka zuba hatsi a rumbu, sa tafi guda cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, koma ka shanya. Buhunan shinkafa da kwandunan kifin banda ka ɗora su a kan itace, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Kai kuma dagaci, daga Birnin Yauri har Ngaski da Shanga, akwai abin da mai gida ɗaya ba ya iyawa sai da kai. Kada ka ba kowa filin gini a kwari, ko a inda ruwan tafki ya taɓa kaiwa. Ka sa gayya a share magudanai da rariyoyi kafin watan Mayu, kada ruwan wani ya kwanta a gindin bangon maƙwabcinsa. Ka tara masu unguwanni ka karanta musu wannan takarda, su kuma su gaya wa jama'a. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.