Ɓera da Maciji a Cikin Mota: Nazari Daga Ƙofar Wambai, Bauchi

Gabatarwa

Ƙofar Wambai tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809. Kamar sauran unguwannin cikin gari, an gina yawancin gidajenta tun kafin mota ta zama ruwan dare. Zaure ne da soro da lungu, babu wurin shigar da mota. Saboda haka mai mota a ƙofar gida yake kwanar da ita, kusa da kwata ko bola ko tarin itace. Wannan maƙala za ta duba yadda ɓera da maciji ke samun mafaka a irin wannan mota, da ɓarnar da ke biyo baya.

Abin da ke jawo su

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Motar da aka ɗauko buhun masara ko gyaɗa da ita daga gona, ko daga Kasuwar Muda Lawal, ba ta rasa tsabar da ta zube a but. Ga kuma ɓurɓushin biskit da yara suka bari a ƙarƙashin kujera. Abu na biyu shi ne ɗumi. Inji yakan ɗauki sa'o'i kafin ya huce, kuma a daren hunturu babu wurin da ya kai ƙarƙashin bonet daɗin kwana. Ɓera ba ya bukatar a buɗe masa ƙofa. Taya yake hawa ya shige ta ƙasan inji, wanda dama a buɗe yake. Ƙaramin ɓera kuwa yana iya kurɗawa ta kafar da ba ta wuce kaurin biro ba, ya bi hanyar iska har cikin mota.

Mai karatu zai iya tambaya, me ɓera zai ci a jikin waya? Ba yunwa ce ke sa shi ba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma ɗabi'arsa ce ya riƙa gaigayar duk abin da ya tarar. Sai ya bi robar waya da tiyo da soson kujera, wani ya tattauna, wani ya ja ya yi sheƙa. Da safe mota ta ƙi tashi, ko fitila ta mutu, ko fiyus ya yi ta ƙonewa, mai gyaran waya ya wuni yana laluben inda aka yanke. Mafi muni shi ne wayar da aka feƙe ta haɗu da ƙarfe a kusa da busasshiyar ciyawar sheƙa, domin gobara na iya tashi daga nan. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2016 wasu masu motoci a Amurka sun kai kamfanin Toyota ƙara, suna zargin robar wayarsa da aka haɗa da waken soya tana jawo ɓeraye, kamfanin Honda kuwa har salatif mai yajin barkono ya fitar don naɗe waya.

Shi maciji, jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake samu. Ga ɗumi, ga duhu, ga kuma ɓera wanda shi ne abincinsa. Ke nan sau da yawa ɓera ne ke yi masa jagora.

Sunaye da illolinsu

A nan ɗalibin harshe yana da abin lura. Bahaushe ya fi cewa maciji ya sari mutum a kan ya cije shi, kuma da dare wasu ba sa kama sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Wannan sakayawa tana da kyau a hira, amma a gaban likita gara a faɗi suna ko kama. Gamsheƙa tana shiga gari neman ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji, tana iya hawa, kuma tana feshin dafi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Ita ce abin tsoro ga wanda ya ɗaga bonet ya sunkuya. Kasa mai nauyin jiki ce, ta fi kwanciya a ƙasa, a inuwar mota ko gindin taya. Kububuwa kuma ta karkara ce, takan biyo dami ko buhu daga gona. Ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga dasashi da tsohon rauni suna zubar da jini. Yawan saranta ne ya sa asibitin Kaltungo, wanda yake cikin Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, ya yi suna wajen maganin dafi.

Ɓera ma ba a ɓarnar waya kaɗai ya tsaya ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa na Jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi kamari, kuma ta fi tashi da rani, daidai lokacin da ɓera ke neman ɗumin inji. Don haka wanda ya ga kashin ɓera a mota kada ya share shi a bushe, kada kuma ya kunna iska a kansa. Ya buɗe ƙofofi, ya sa safar hannu, ya jiƙa wurin da ruwan bilic, sannan ya goge.

Abin yi

Motar da ta daɗe a ajiye ita ce ta fi haɗari, sai a riƙa tayar da ita ana sauya mata wuri. A nisanta ta da ciyawa da bola, a kwashe tsaba daga but. Tarko ya fi guba, domin ɓeran da ya ci guba yakan mutu a cikin bututun iska, warinsa ya yi makonni, ga kuma haɗarin yara da kaji. Masu babur su duba ƙarƙashin kujera.

Kafin a ɗaga bonet a bubbuga shi. Maciji ba shi da kunnen waje, girgiza ya fi ji a kan ƙara, shi ya sa bugu ya fi oda amfani. Idan an gan shi, a ja da baya a bar masa hanya. Zuba masa fetur a kan inji mai zafi, kamar yadda wasu ke yi, neman ƙone motar ne gaba ɗaya. Namijin goro da tafarnuwa da ake ajiyewa a mota kuwa, a ganina hankalin mai mota suke kwantarwa, ba maciji suke kora ba.

Idan tsautsayi ya sa ya yi sara, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko da ya ce ba ya jin komai, domin illar kububuwa takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana. Wanda gamsheƙa ta fesa wa dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, kada ya murza, sannan a kai shi likita ya duba.