Ƙofar Farko Da Mai Kuka Ke Bugawa

Akwai wata irin cuta da ba ta faruwa a kasuwa ko a bakin hanya, sai a bayan zaure, inda ido ba ya kaiwa. Ita ce cutar da a ke yi wa mace a ɗakin aurenta, da wadda a ke yi wa tsoho a gidan da shi ya gina. Mun ga ya kamata mu jawo hankalin jama'a a kanta, domin ba ta san Musulmi ba, ba ta san Kirista ba, ba ta kuwa bambanta gidan attajiri da na talaka.

Kada wani ya zaci abin ƙalilan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko fyaɗe, galibi daga hannun mijinta ko wanda su ke tare. Ta kuma ce wajen mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 ko fiye yakan gamu da wulaƙanci a cikin shekara guda. A nan Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu. Fiye da rabin waɗanda aka cuta ba su nemi taimakon kowa ba, waɗanda suka nema kuwa, akasarinsu wurin danginsu suka tafi.

To, a nan maganar ta ke. Matar da aka fasa wa baki da dare ba kotu ta ke fara nufa ba. Gidan iyayenta za ta, ko ta shiga maƙwabta, ko ta sami matar liman, ko uwar zumuntar mata ta coci, ko mai unguwa. Abin da aka gaya mata a wannan ƙofa ta farko shi ke yanke yadda al'amarinta zai ƙare. Sau da yawa kuwa kalma ɗaya ce: "Yi haƙuri." Ba mu musun cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, kuma tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma saɓani dabam, karya haƙarƙari dabam. Wanda ya mai da mace ɗakin da aka nemi ranta ba tare da ya tsawata wa mai dukan ba, bai yi sulhu ba, ya dai rufe ƙurji da tsumma ne.

Na tsofaffi ya fi ɓoyuwa, gama tsoho ba ya yaji. Wani a hana shi abinci a kan kari, wani a karɓe masa kuɗin fansho, wani a sayar da gonarsa da ransa, wata a ajiye ta a ɗakin baya babu mai leƙa ta. Kunya ba ta barin uwa ta kai ƙarar ɗan da ta haifa. Mafi muni shi ne gigin tsufa, watau ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa har tsohuwa ta riƙa mantuwa tana sambatu, sai jahilci ya ce maita ce. A arewacin Gana akwai unguwannin da irin waɗannan mata ke fakewa, kamar ta Gambaga, kuma a Yuli 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba da wannan zargi, mutane na tsaye suna kallo. Wannan ciwo na likita ne, ba na boka ba.

Doka ta sake, ko da ya ke labarin bai kai kowane zaure ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 55, ya ƙyale miji ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Amma a Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane. A cikinta, wanda ya doki abokin aurensa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 200,000. Wanda ya yi watsi da mata, ko 'ya'ya, ko waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa ba ci ba sha, shi ma yana iya shan shekara 3. Har wa yau kotu na iya ba da umurnin kariya, ta hana mai cutar kusantar wanda ya ke cuta. Da fari a Abuja kaɗai ta yi aiki, daga baya jihohi suka riƙa kafa tasu, Kaduna ta yi a 2018. Ga tsofaffi kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018.

Addinan nan biyu ba su bar mu cikin duhu ba. Suratul Isra'i ta hana a gaya wa iyaye ko da 'yar kalmar ƙosawa in sun tsufa, girmama uba da uwa kuwa na cikin Dokoki Goma. A mazhabar Malikiyya alƙali na da ikon raba aure in cutarwa ta tabbata. Sabo da haka liman da fasto ba su da abin jayayya a kan wannan. Haɗa kai ma ba baƙon abu ba ne: a Kaduna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kafa cibiyar sasanta mabiya addinai tun 1995, kuma a 2010 matan Musulmi da na Kirista suka kafa majalisarsu ta haɗin gwiwa a can. Hannun da ya iya kashe wutar gari ba zai kāsa ta ɗaki ba.

Abin da mu ke roƙo ga duk wanda aka buga wa ƙofa kaɗan ne. Da fari ya saurara, kada ya ce "Me kika yi masa?" Na biyu, in akwai rauni a kai asibiti nan da nan, a karɓi takardar likita, domin ita ce shaida gaban alƙali. Na uku, a samar mata wurin kwana kafin a fara zancen biko. Na huɗu, in abin ya maimaitu, ko an ambaci kisa, a sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a, kada a tsaya jin nauyi. Tsohon da aka kwana biyu ba a gani a masallaci ko coci ba, a je gaishe shi, a gan shi ido da ido, kada a wadatu da "yana barci".

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 15 ga Yuni don tsofaffi, da 25 ga Nuwamba don mata. Muna fata limamai da fastoci da masu unguwanni za su zauna tare kafin waɗannan ranaku, su san asibiti da ofishin da za su riƙa tura masu kuka. Mace ɗiyar wani ce, tsufa kuwa riga ce da kowa ke roƙon Allah ya sa. Allah ya ba mu ikon tsare amana, amin.