Gambiya: Ƙasar Da Ke Jiran Jirgin Baƙi

Ran 23 ga watan Satumba na shekarar 2019 aka wayi gari da labarin kamfanin Thomas Cook na Ingila ya karye, bayan ya shekara 178 yana sana'ar kai mutane yawon buɗe ido ƙasashen duniya. A ƙasar Gambiya, wadda ke da nisan tafiyar awa shida a jirgin sama daga London, labarin ya zo wa jama'a kamar fari a tsakiyar damina, domin fiye da sulusin baƙin da ke zuwa ƙasar shan iska wannan kamfani ne ke kawo su, ga shi kuwa saura 'yan makonni lokacin baƙi ya kama. Masu otal sun riga sun yi fenti, direbobi sun gyara motocinsu, mata masu sayar da 'ya'yan itatuwa a bakin teku sun ci bashin jari.

Gambiya ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen da ke kan doron Afirka. Siririya ce, ta bi gaɓar kogin Gambiya hagu da dama, faɗinta bai wuce mil 30 ba, ƙasar Senegal kuma ta kewaye ta ta ko'ina sai fa ta yamma, inda take da bakin teku wajen mil 50. Sa'ad da ta sami mulkin kai ran 18 ga Fabrairu, 1965, a ƙarƙashin Dawda Jawara, ba ta da wani abin sayarwa a waje na a zo a gani in ban da gyaɗa.

A cikin wannan shekara ce wani mutumin Suwidin mai suna Bertil Harding ya kawo 'yan ƙasarsu wajen 300 don su guje wa hunturun Turai. Abin da ya gani mai sauƙi ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙanƙara ke rufe ƙasashen arewa, a Gambiya babu ruwan sama, ga rana, ga rairayi, ga araha, kuma harshen aikin Gwamnati Ingilishi ne. Mutanen Ingila da Holan da Jamus suka biyo sahu, otal-otal suka tashi a Bakau da Fajara da Kotu da Kololi. Ya zuwa 2019 baƙin da ke sauka a filin jirgin sama na Yundum sun haura 200,000 a shekara, ana kuma ƙiyasta cewa wannan sana'a na kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasar.

Abubuwan kallo ba su tsaya ga teku ba. Akwai gandun dajin Abuko da aka keɓe a 1968, da tafkin kadoji na Kachikally a Bakau, da tsuntsaye fiye da iri 500 waɗanda wasu Turawa ke ƙetaro teku takanas don kallonsu. A Wassu, can cikin ƙasa, akwai da'irorin duwatsu na mutanen da, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006. Amma wurin da ya fi fitar da sunan ƙasar shi ne ƙauyen Jufure. A 1976 wani marubuci Baƙar Fatar Amurka, Alex Haley, ya buga littafinsa Roots, inda ya ce daga wannan ƙauye aka kama kakansa Kunta Kinte aka sayar da shi bawa. Masana tarihi da dama sun yi jayayya da ingancin wannan salsala, amma hakan bai hana jikokin bayi daga Amurka zuwa ziyara ba. Tsibirin James da ke tsakiyar kogin, inda ake tsare bayi, ya shiga lissafin UNESCO a 2003, aka kuma sake masa suna zuwa Tsibirin Kunta Kinte a 2011. Ruwa na ta cin gefensa.

To, sai dai yawan baƙi daban, abin da ke shiga aljihun ɗan ƙasa daban. Galibin masu zuwa sukan biya kuɗinsu dunƙule tun a gida, watau kuɗin jirgi da na ɗaki da na motar da za ta ɗauko su, duk a hannun kamfanin Turai. Kamfanin shi ke da jirgin, shi ke buga talla, shi kuma ke yi wa mai otal ciniki, mai otal kuwa ba shi da bakin musu tun da ba shi da wata hanyar cika ɗakunansa. Cikin abin da ya iso Gambiya ma, wani kaso yakan sake fita wajen sayo abinci da abin sha da kayan gyara daga waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi kai wa talaka kai tsaye shi ne ɗan kuɗin da baƙo ke kashewa in ya fito daga otal: wajen masassaƙi, da mai rini, da ɗan tasi, da mai ja-gora.

Saboda haka ne rigima ta tashi a kan tsarin nan da baƙo ke biyan har kuɗin ci da sha tun daga gida, ta yadda zai iya ƙare hutunsa na mako biyu bai sayi ko lemo ɗaya a waje ba. Gwamnati ta hana shi a 1999, amma da kamfanonin Turai suka murtuke fuska sai ta janye hanin bayan shekara guda. Wanda ke da jirgi shi ke da magana. A 2000 ƙananan masu sana'a suka kafa ƙungiyarsu mai suna ASSET don su yi ciniki da murya ɗaya, aka kuma yi shirye-shiryen haɗa manoman lambu da otal-otal domin tumatir da kabejin da baƙo zai ci su fito daga ƙasar.

Babban raunin sana'ar shi ne saurin firgitar baƙo. Bayan da Yahya Jammeh ya kifar da Gwamnatin Jawara ran 22 ga Yuli, 1994, Ma'aikatar Harkokin Waje ta Ingila ta shawarci mutanenta a watan Nuwamba kada su je, nan da nan yawan baƙi ya ragu da kusan rabi, dubban ma'aikata suka zauna a gida. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya. Ko mutum ɗaya bai kamu a Gambiya ba, amma ga Baturen da ke duban taswira Afirka ta Yamma duk gari ɗaya ce, sai ya fasa tafiya, har ta kai Gwamnati ta nemi agajin gaggawa daga Asusun Ba Da Lamuni na Duniya a 2015. A Janairun 2017, da Jammeh ya ƙi sauka bayan Adama Barrow ya kayar da shi a zaɓe, jirage suka zo suka kwashe baƙi ana tsakiyar lokacin ciniki. Ba a gama farfaɗowa daga karyewar Thomas Cook ba annobar korona ta sa aka rufe filin jirgin sama daga Maris zuwa Oktoba na 2020.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa a takardun talla ba. Gambiya ƙasa ce ta Musulmi, fiye da kashi 90 cikin 100, kuma dattawa sun daɗe suna kokawa da samarin da ke yini a bakin teku suna bin baƙi, wasu don neman na goro, wasu da burin auren da zai kai su Turai. Da ta bayyana cewa wasu baƙin lalata da yara ke kawo su, Majalisa ta kafa doka ta musamman a kan laifuffukan da suka shafi yawon buɗe ido a 2003. Rairayin da ake taƙama da shi ma teku na kwashewa, musamman a Kololi, inda aka kashe kuɗi masu yawa wajen zuba sabon yashi a 2003 da 2004, ruwa kuma ya sake janye mafi yawansa.

Hukumomin ƙasar sun juya ido ga wasu irin baƙi. Suna zawarcin mutanen Afirka ta Yamma, musamman 'yan Nijeriya, waɗanda ba su bukatar biza kuma ba sanyi ke koro su ba, don haka suna iya zuwa ko da damina. Suna kuma neman manyan tarurruka. An buɗe babban ɗakin taro mai sunan Sir Dawda Jawara a Bijilo a 2020, wanda ƙasar Sin ta gina, a cikinsa kuma aka yi taron ƙoli na Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi a watan Mayu na 2024. Domin wannan taro aka faɗaɗa babban titin da ya ratsa yankin otal-otal, wanda ke ɗauke da sunan Bertil Harding. Wata guda bayan an watse, a watan Yuni, kamfanin FTI na Jamus, ɗaya daga cikin waɗanda aka dogara da su wajen kawo baƙi, shi ma ya karye.