Rediyonka Yana Kwaramniya? Ga Magani a Gida

A Riko da sauran ƙauyukan Jibiya, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da rediyo ba. Wani Rediyon Jihar Katsina yake kamawa, wani tashoshin Maraɗi. Wani kuma Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957. Yanzu ga ƙananan lasifika masu caji, na sauraron wa'azi da waƙa daga waya.

Amma sau da yawa, da an ƙara murya sai ka ji "zirrr". Magana ta cakuɗe, ba a gane abin da mai labarai yake faɗa. Sai maigida ya ce rediyo ta lalace, ya nufi wurin mai gyara, ko ya sayi sabuwa. Kafin ka kashe kuɗinka, tsaya tukuna. Wataƙila laifin wurin da ka ajiye ta ne.

Me ke kawo wannan ƙara?

Sauti girgiza ne. Taɓa fatar ganga bayan an buga, za ka ji tana rawa. Haka ma a cikin lasifika akwai wani faifai mai motsi gaba da baya. Kunnen mutum yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Murya mai kauri ita ce ta fi girgiza kaya. Idan rediyo tana kan akwatin ƙarfe, ko tebur mara nauyi, ko kabad ɗin jeren uwargida, girgizar takan ratsa su. Sai kwanuka da tasoshi su kama nasu kiɗan.

Yadda za ka gane

Kunna rediyo har ƙarar ta fito. Sai ka ɗaga ta sama da hannu biyu. In ƙarar ta ɗauke, rediyonka lafiya lau take. Ko ka ajiye kofin ruwa kusa da ita. In ruwan yana rawa, girgiza tana shiga teburin.

Abin da za ka yi

1. Nemo tsohon silifa. Yanka shi gida uku, kowane kamar faɗin kwalin ashana. Sa biyu a gaba, ɗaya a baya, ka ɗora rediyo. Uku sun fi huɗu zama daram, kamar duwatsun murhu.

2. In babu silifa, guntun soson katifa zai yi. Amma ya zama mai kauri. In nauyin rediyo ya danne shi ya kwanta sarai, ba zai yi aiki ba.

3. In lasifikar babba ce, zuba yashi a ƙaramin buhu, ka ɗaure, ka shimfiɗa, ka ɗora ta. Yashi yana shanye girgiza.

4. Kada ta jingina da bango ko ƙofar kwano. Bar tazarar kamu ɗaya.

5. Duba murfin batir. In yana motsi, cusa 'yar takarda. Ƙusoshin da suka saki kuma a ɗaure su.

A kula

Kada ka lulluɓe rediyo da tsumma, kada ka toshe ƙofofin shan iskarta. Zafi yana ƙona kayan ciki. Kada yashi ya shiga cikinta. In kuwa ka ɗaga ta sama ƙarar ba ta daina ba, mai yiwuwa faifan lasifikar ya yage. Wannan sai mai gyara.

Jama'a, duk abin da muka lissafa yana nan a tsakar gida, ba sai an je kasuwa ba. Kuɗin sabuwar rediyo gara a ƙara a sayi taki. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa, ku gwada tare yau da dare kafin lokacin labarai.