Bashin Waya Da Tonon Asiri

Da damina ta kawo kai a Bichi, Dambatta da Tsanyawa, damuwar kowane magidanci ɗaya ce, wato kuɗin taki. A daidai lokacin ne tallar masu ba da rance take faɗo mana a Facebook: ba jingina, ba mai tsaya maka, kuɗi nan take.

To, 'yan'uwa, akwai jingina, faɗa mana ne ba a yi ba. Sa'ad da muke sa manhajarsu a waya, takan nemi izinin duba lambobi da hotunan da ke ciki, mu kuwa sai mu amince ba mu karanta ba. Ranar da aka makara wajen biya, sai saƙo ya isa ga surukai, mai unguwa da abokan ciniki cewa wane ɓarawo ne. A garin da kowa ya san kowa, wa zai ƙara ba shi aron ko da fartanya?

A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan tonon asiri. A 2023 kuma aka kafa dokar kare bayanan jama'a. Amma tara ba ta mayar wa mutum da mutuncinsa.

Saboda haka, duk manhajar da ta nemi lambobin wayarmu, mu ƙi. Gara adashi ko bashin maƙwabci. Kada mu manta, lambobin nan amanar mutane ce a hannunmu.