Gajiyar Iyayenmu Mata A Kadawa

A makonnin nan muna karanta Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, a ajinmu na yammacin Laraba. Annabi Iliya ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, Ubangiji bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, sa'an nan magana ta biyo baya. Muna cikin karatun sai muka ga waɗansu mata suna gyangyaɗi. Ba mu ga laifinsu ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya wadaci gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, ƙasar nan ta manta da hutun rani. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Albarka ce, mun gode Allah. Amma kakanninmu mata sukan sarara bayan kaka. Matan yau kuwa daga tsinkar tumatir sai turara shinkafa a bakin wuta, ga girki, ga goyo, ga tunanin kuɗin makaranta. A 2016, da tsutsa ta cinye tumatir, bashin noma ya hana gidaje da yawa barci.

Damuwa mai daɗewa takan taimaka wa hawan jini, shi kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, sai awo ke tona shi. In yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, a ga ma'aikacin lafiya. Ga mai juna biyu, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, ko gani dishi-dishi, suna iya zama gargaɗin jijjiga, wadda kan kashe uwa da ɗa. Kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti. Sauron magudanan ruwa ma yana kawo zazzaɓin da ke ƙarar da jini, don haka a kwana cikin gidan sauro.

'Yan'uwa maza, kuɗin awo ba asara ba ne. In matarka ta ce ta gaji, kada ka kira shi lalaci ko ƙarancin bangaskiya. Zumuntar Mata kuma, a riƙa tambayar wadda ta daina zuwa sujada. Wataƙila kaya ne ya yi mata yawa. Mu yi addu'a, mu kuma kama mata kayan. Ubangiji ya taimake mu. Amin.