Alƙalamin Gamba da Alƙalamin Miliyan: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Alƙaluman da ake yi da hannu a yau kashi biyu ne. Akwai na gamba ko na karan dawa, wanda gardi ko alaramma yake feƙewa a tsangaya, wanda kuɗinsa, idan ma saye aka yi, bai kai na ƙullin gyaɗa ba. Akwai kuma mai shan tawada da ake ƙerawa a Jamus, Italiya ko Japan, mai bakin zinariya, wanda guda ɗaya kan haura naira miliyan. Aikinsu ɗaya: ɗaukar tawada su ajiye ta a inda marubuci yake so. Tambayar ko mai tsadar ya ci kuɗinsa tana da sauƙin amsawa idan an fara duba na gida, domin a jikinsa ake ganin abin da ke sa alƙalami ya yi kyau ba tare da ado ya rufe ido ba.

Ƙasar Gumel wuri ne da ya dace da wannan dubawa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jigawa, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Sarautarta ta Mangawa ce, ta kafu a wajajen tsakiyar ƙarni na 18, ta daɗe tana bin Borno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba bayan jihadi. Wannan dangantaka ta shafi karatu. Borno ce cibiyar haddar Alƙur'ani da rubuta shi a wannan yanki, shi ya sa har gobe ake cewa almajiri ya tafi gabas. Akwai wani Alƙur'ani rubutun hannu na Borno mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, wanda masani A. D. H. Bivar ya yi bayaninsa a 1960. Salon rubutun nan mai kauri da kusurwa, wanda ake kira Barnawi, da ɗan'uwansa na Kano, su ne ake gani a allunan tsangayun ƙasar Gumel, kuma da alƙalamin kara ake yin su.

Yin wannan alƙalami ba ya ɗaukar lokaci, amma yana buƙatar ido. Ana zaɓar karan gamba da ya ƙosa ya bushe bayan kaka, ko siririn karan da ke ƙarƙashin zangarniyar dawa. Ɗanyen kara ba ya riƙe baki, wanda ya rube kuma yana shanye tawada. Sai a yanke shi kimanin taƙi guda, a feƙe gefe ɗaya da reza ko ƙaramar wuƙa, a rage ɓargon ciki, a bar ɓawon mai tauri. Daga nan a tsaga bakin kaɗan, domin ta wannan tsagar tawada take gangarowa. A ƙarshe a datse kan bakin. Nan ne gwaninta take. Idan bakin ya yi faɗi, harafi ya cika ya toshe. Idan ya yi tsini, ya karce takarda ko ya karye. Idan tsagar ta yi tsawo, tawada ta zubo gaba ɗaya. Kowane marubuci yana datse bakin daidai da yadda yake riƙe alƙalami da irin nauyin hannunsa, shi ya sa alaramma ba ya son a ari alƙalaminsa. Kolo da titibiri ana feƙe musu mai kauri wanda zai jure dannawa a kan allo. Mai rubuta Alƙur'ani a takarda kuwa yana ajiye alƙaluma da yawa: na baƙi daban, na wasali daban, na zayyana daban.

Muhimmancin datsar baki sananne ne a tarihin rubutun Larabci. Ibnu Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940, ya gina ma'aunin haruffa a kan ɗigon da bakin alƙalami yake yi. Yaƙutul Musta'asimi na Bagadaza, wanda ya rasu a 1298, ana jingina masa datse bakin a karkace, abin da ya ba rubutun gabashin ƙasashen Musulmi siranta da kaurin da aka san shi da su. Duk waɗannan manyan marubuta da kara suka yi aiki.

Alƙalamin kara ba ya tafiya shi kaɗai, sai da tawadarsa. Ta allo ana yin ta da gawayi ko baƙin tukunya haɗe da ƙaro, kuma an yi ta ne don ta wanku, ko don a sake sabon karatu ko don rubutun sha. Ta takarda ana dafa ta da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, tana kama takarda ta daɗe ba ta koɗe ba. Ja na wasali ne, rawaya da kore kuma na alamomin hamza, bisa tsarin ruwayar Warshu da ake karantawa a tsangaya. Ƙaron da ke riƙe wannan tawada daga itacen dakwara yake fitowa, wanda ke tsirowa a busassun ƙasashe irin na arewacin Jigawa, kuma haja ce da ake fitarwa ƙasashen waje. Wannan tawada mai ƙaro, in aka ɗura ta a alƙalamin waje komai tsadarsa, toshe shi za ta yi. Biro kuma ba ya kama allo yadda ake so, tawadarsa mai maiƙo ce, ba ta wankuwa da ruwa. A tsangaya dai har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbin kara ba.

Abin lura shi ne inda kuɗi yake taruwa a wannan sana'a. Alƙalamin kusan kyauta ne, yana dakushewa a sake feƙe shi har ya gajarce a jefar. Abin da ake saye da tsada shi ne abin da ya fito daga bakinsa: Alƙur'ani izu sittin da gwani ya rubuta da ka, a warwatsen takardu, aikin watanni, wanda sai wasu mahaddata sun bi shi harafi bayan harafi kafin a sa shi a tadarishi da gafaka. Rubutun Sharif Bala Gabari na Kano, wanda aka ɗauki hotonsa aka buga, ya shiga tsangayu da kasuwanni a faɗin Arewa da Nijar. Mai sayen irin wannan aiki bai taɓa tambayar nawa aka sayi alƙalamin ba.

Na wajen tarihinsa daban ne. An ruwaito cewa halifan Faɗimiyawa Al-Mu'izzu ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawada a cikinsa ba tare da ya ɓata hannu ko tufafi ba, a wajajen 953. Amma wanda ya shiga kasuwa sosai sai a ƙarni na 19, musamman bayan Lewis Waterman na Amurka ya yi rajistar nasa a 1884. Yadda yake aiki bai yi nisa da na kara ba: baki mai tsaga, sai wata 'yar hanya a ƙarƙashinsa da ke sakin tawada daga rumbu tana shigar da iska a madadinta. Shi ne alƙalamin malaman makaranta, alƙalai da akawuna a zamanin En'e. Biro ne ya ture shi. László Bíró, ɗan jarida daga Hungary, ya yi rajistar nasa a 1938, kamfanin Bic na Faransa ya fitar da Cristal a 1950, kuma zuwa 2006 an sayar da fiye da biliyan 100 na wannan samfuri kaɗai. Da biro ya kwashe aikin yau da kullum, sai wasu masu ƙera alƙalamin tawada suka koma sayar da shi a matsayin kayan ƙawa, sahu ɗaya da agogo da turare.

Fitacce a wannan sahu shi ne Meisterstück na kamfanin Montblanc da ke Hamburg, wanda aka fara yi a 1924. Babbansa, mai lamba 149, yana kaiwa kimanin dalar Amurka 1,000, wato sama da naira miliyan ɗaya a canjin 2024 da 2025. A Japan akwai Namiki da Nakaya, masu shafa wa jikin alƙalami wani ruwan itace da ake kira urushi, shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe, wani lokaci a yayyafa garin zinariya a yi zane. Irin wannan aiki yana cin watanni, farashinsa kuma yana kaiwa dubban daloli.

Kuɗin da mai saye yake biya yana rabuwa gida uku, kuma ba duka ne ke shafar rubutu ba. Kaso na farko na baki ne. Zinariya ba ta tsatsa, kuma tana ɗan lanƙwasawa, abin da ya ba ta daraja a zamanin da tawada ke cin ƙarfe. Sai dai zinariya tana da laushi, ba ita ke taɓa takarda ba. Ana liƙa wa kan bakin wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri, kuma irinsa ake liƙa wa bakin ƙarfe mara tsatsa na alƙalami mai araha. Santsin rubutu yana zuwa ne daga yadda aka goge wannan ƙwallo da yadda aka daidaita tsagar. Ƙwararren da ya zauna ya goge baki daidai da hannun mai shi, aikin alaramma da rezarsa yake yi, kuma wannan ne sashen tsadar da ya fi cancanta a biya. Akwai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba: da yawa daga ƙananan masu ƙera alƙalami da hannu jikin kawai suke yi, bakin sayowa suke yi daga kamfanoni biyu na Jamus, Bock da JoWo. Alƙaluma biyu da ɗaya ya ninka ɗaya sau goma a farashi suna iya zama da baki iri ɗaya sak.

Kaso na biyu na jiki ne da ado. Wannan aikin hannu ne na gaskiya, kuma mai yinsa ya cancanci ladansa kamar yadda mai ɗinkin babbar riga ya cancanci nasa, amma aska takwas ba ta ƙara wa riga ɗumi. Kaso na uku na suna ne: talla, kanti a babban birni, akwati mai kyau, da alamar da ke leƙowa daga aljihun gaba. Wannan kason shi ya fi girma a manyan kamfanoni, kuma shi ne ya sa jabun Montblanc suka cika kasuwannin duniya, domin mai son a ga alamar ba lallai ne ya damu da bakin ba.

Mai zama a Gumel ko Sule Tankarkar yana da ƙarin lissafi. Tawadar irin wannan alƙalami ruwa-ruwa ce, tana bazuwa a takardar littafin makaranta mai araha har ta ɓullo ta baya. A lokacin hunturu, iskar da ke busar da leɓe tana busar da bakin alƙalami da zarar an bar shi a buɗe, ƙura kuma tana shiga tsagar. Da bazara, zafi yana kumbura iskar da ke cikin rumbun tawada ya turo ta waje, farar riga ta gamu da tsautsayi. Idan ya faɗi ta baki ya lanƙwashe, mai gyara ba ya kusa. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda dillalan dabbobi daga Najeriya da Nijar suke rubuta lissafi a tsaye cikin rana da turmutsutsu, biro ne kawai ke iya aikin, in ya ɓata a sayi wani. Ɗalibi ma ba ya buƙatarsa: fensir da biro aka saba shiga jarrabawar WAEC da NECO da su, ta JAMB kuwa ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Duk da haka alƙalami mai shan tawada yana da amfanin da biro ba shi da shi. Ba ya buƙatar dannawa, don haka mai dogon rubutu, kamar malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke duba takardun ɗalibai ko alƙalin da ke rubuta shari'a da hannu, ba ya saurin gajiya a yatsu. Ana sake ɗura masa tawada, kuma idan an kula da shi yana shekaru da yawa. Akwai Parker 51, samfurin da ya fito a 1941, da har yanzu ake rubutu da su. Sai dai wannan amfani ana samunsa tun daga masu sauƙin kuɗi, irin su Lamy Safari na Jamus, Pilot Metropolitan na Japan, ko Hero na ƙasar Sin, waɗanda mafi tsadarsu bai wuce 'yan gomomin daloli ba. Daga nan zuwa sama, bambancin rubutu yana ƙanƙancewa yayin da farashi yake ninkuwa.

Saboda haka hukuncin ya danganta da abin da ake nema. Wanda ke neman kyautar girmamawa ga basarake, ko abin ajiyewa na fasaha, kuma yana da halin saye ba tare da ya taɓa haƙƙin iyali ba, alƙalamin urushi na Japan aikin hannu ne da ya ci kuɗinsa a matsayin kayan ado, muddin ya tabbatar ba jabu aka miƙa masa ba. Wanda ke neman rubutu mai daɗi, mai matsakaicin kuɗi ya ishe shi, sauran kuɗin ya sayi takarda mai kyau da tawada. Wanda kuma burinsa kyan hannu ne, ko a boko ko a ajami, babu alƙalamin da ke sayar da wannan. A tsangayun ƙasar Gumel ana samunsa ne bayan shekaru ana wanke allo ana sake rubutawa. Ta fuskar rubutu zalla, alƙalamin naira miliyan bai ci kuɗinsa ba.